BABI NA UKU: YUNƘURIN GWAMNATI NA RAGE YAWAN YARAN DA KE HANNUN MALAMAN ALLO A IKARA DA MAƘARFI DA KUDAN

3.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bayyana irin matakan da gwamnatoci suka ɗauka, tun daga ta tarayya har zuwa ta jihar Kaduna, domin rage yawan yaran da ke zaune a hannun malaman allo nesa da iyayensu, watau almajirai. An taƙaita bayanin a kan ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, sai dai da yake mafi yawan matakan daga sama suke saukowa, ya zama dole a riƙa leƙawa Kaduna da Kano da Abuja. Haka kuma an waiwayi wasu ƙasashe na nesa waɗanda su ma suka daɗe suna fama da tambayar nan ta wa ya kamata ya riƙe yaro idan ba ya gaban iyayensa.

Abin da babin yake son nunawa shi ne, kusan duk matakan da aka ɗauka sun fi mayar da hankali a kan inda yaro yake, ba a kan dalilin da ya fitar da shi daga gida ba. Saboda haka ne ake iya kwashe dubban yara a cikin 'yan makonni, amma kafin kaka biyu ta zagayo sai a tarar zauren malam ya sake cika.

3.1 Riƙo a Al'adar Bahaushe

Kafin a yi maganar rage yawan yaran da ke hannun wasu, ya kamata a fahimci cewa ba da ɗa riƙo ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, kuma ba a ɗaukarsa a matsayin gazawa. Tun daga yaye ake farawa, inda akan kai yaro wurin kakarsa ko gwaggonsa, wani lokaci kuma daga can ba ya dawowa. Ɗan fari, saboda kunyar da ke tsakaninsa da iyayensa, sau da yawa a gidan kakanni yake tashi. Matar da Allah bai ba haihuwa ba 'yan'uwa kan ba ta ɗa ko 'ya ta riƙe har aure. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a garin Giwa tsakanin 1949 da 1950 aka kuma buga shi a 1954, cike yake da misalan irin wannan riƙo, domin ita kanta Baba ba ta haihu ba, 'ya'yan dangi ta yi ta riƙewa. Giwa kuwa maƙwabciyar Kudan ce, don haka abin da aka bayyana a littafin bai yi nisa da al'adar wannan yanki ba.

Almajirci reshe ne na wannan al'ada, amma yana da nasa bambancin. A riƙon dangi, wanda ya karɓi yaro shi ke ɗaukar cinsa da suturarsa, kuma idon dangi yana kansa. A almajirci kuwa uba kan damƙa ɗansa ga malami domin karatun Alƙur'ani, a bisa fahimtar cewa al'ummar da malamin ya sauka a cikinta ita za ta ciyar da yaron saboda Allah. Yaro kan fara a matsayin kolo, ya zama titibiri, sannan gardi. A wajen karatu kuma yakan tashi daga babbaƙu zuwa farfaru, ya shiga hadda, har Allah ya nufe shi da sauka. Kolo shi ne mai bara. Gardi ba ya bara, sai dai ya yi ƙodago ko ɗinkin hula ko wankin hula ko yankan farce. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin idan hukuma ta ce "almajiri" takan haɗa ɗan shekara shida da ɗan shekara ashirin a ma'auni ɗaya, alhali buƙatunsu ba ɗaya ba ne.

Tsarin ya daɗe ƙwarai. An ƙiyasta cewa a 1914 akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewacin Nijeriya, masu ɗalibai fiye da 200,000. Lubeck (1985) ya nuna cewa tafiyar almajirai ta ginu ne a kan yanayin shekara: da damina malam da ɗalibansa suna gona, idan an kawar da amfani sai su tafi ci-rani wani gari, su rage wa rumbun gida nauyi, su dawo da faɗuwar ruwa. A ra'ayinsa, kuɗin man fetur na shekarun 1970 da tsadar rayuwar da ta biyo baya su ne suka karya wannan tsari, domin birni ya daina iya ɗaukar nauyin baƙin da a da yake ciyarwa ba tare da ya ji a jikinsa ba. Hoechner (2018), wadda ta yi nata binciken a jihar Kano, ta ƙara da cewa ba talauci kaɗai ke sa a tura yaro ba. Akwai mutuwar aure da rasuwar uwa, akwai rashin amincewa da ingancin makarantar boko ta ƙauye, akwai kuma imanin cewa wahala tana gyara yaro, kuma karatu ba ya zama a gaban uwa.

3.2 Matsayin Yankin Ikara da Maƙarfi da Kudan

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna arewacin jihar Kaduna, a ƙarƙashin masarautar Zazzau. Hedikwatar Kudan tana Hunƙuyi, sauran biyun kuwa a garuruwan da suka ci sunansu. Ƙasa ce ta noma. Maƙarfi ta yi suna da rake da mazarƙwaila, Ikara da tumatir da masara, Kudan kuma da rake da dankali da kayan lambu. Babbar hanyar Zariya zuwa Kano ta ratsa yankin ta Tashar Yari, ta bi ta Kwanar Ɗangora ta shiga ƙasar Kano.

Abubuwa biyu ne suka sa yankin ya dace da wannan nazari. Na farko shi ne, yanki ne mai turawa kuma mai karɓa. Yaran Gubuci ko Likoro ko Paki sukan tafi Zariya ko Kano ko gabas neman karatu, a lokaci guda kuma malamai daga wasu wurare sukan sauka a ƙauyukan yankin da ɗalibansu, domin inda ake noman rani ba a rasa abinci da aikin yi. Gardi yana samun sara da ɗaurin rake da tsinkar tumatir, kolo kuma yana samun tuwon dare a gidajen da ya saba, galibi har da uwar ɗaki wadda yake yi wa ɗiban ruwa da aike. Ba a ce babu wahala ba. Akwai ƙazuwa da rashin makwanci da dukan da ya wuce kima a wasu makarantu. Amma halin almajirin ƙauye, wanda kowa ya san malaminsa, daban yake da na wanda ke yawo tsakanin motoci a tashar birni.

Abu na biyu shi ne iyaka. Yankin ya yi iyaka da ƙananan hukumomin Rogo da Ƙiru da Tudun Wada na jihar Kano, Kudan kuma ta taɓa Ɗanja ta jihar Katsina. Mutanen ɓangarorin nan kasuwa ɗaya suke ci, suna auratayya, wasu ma gonakinsu a haɗe suke. Yaron da aka ɗauka daga Paki aka kai shi wurin wani alaramma a ƙasar Ƙiru bai yi tafiyar da ta kai ta zuwa Kaduna ba, amma a takardar hukuma ya zama baƙo a wata jiha. Za a ga illar wannan a sashe na 3.4.

3.3 Matakan da Aka Ɗauka Kafin 2020

Idan aka duba da kyau, za a ga hanyoyi biyu gwamnatoci suka yi ta bi, wani lokaci a tare, wani lokaci ɗaya bayan ɗaya: hanyar jawowa da hanyar hanawa.

Hanyar jawowa ita ce a buɗe makarantar boko a ƙofar kowa, da fatan iyaye za su daina tura yara nesa. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 shi ne babban yunƙuri na farko, kuma a lokacinsa ne ƙauyuka da yawa suka fara ganin aji. Shugaba Olusegun Obasanjo ya sake ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a watan Satumba na 1999, aka kuma yi masa doka a 2004. Dokar ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, ta ambaci almajirai a cikin waɗanda shirin ya shafa, ta kuma tanadi hukunci ga uban da ya ƙi: gargaɗi a karo na farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu, sannan tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu bayan haka. Ko a wancan lokaci wannan tara ba ta kai ta firgita kowa ba, balle daga baya da darajar naira ta zube.

Daga nan sai aka koma ga haɗa karatun allo da na boko a wuri ɗaya. Wani kwamitin gwamnatin tarayya ya ƙiyasta a 2010 cewa almajirai sun kai miliyan tara da rabi a ƙasar. A ranar 10 ga Afrilu 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani ta farko a Gagi, cikin Sakkwato, kuma kafin ƙarshen mulkinsa a 2015 an gina irinta fiye da 150. Ko da a ce kowace ta ɗauki yara ɗari biyar, jimillarsu ba za ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na wancan ƙiyasi ba. Bugu da ƙari, tarayya ce ta gina, aka bar wa jihohi ciyarwa da albashi, don haka da yawa daga cikinsu suka lalace ko aka mayar da su makarantun boko zalla. Wani abin lura kuma shi ne, makarantar kwana ba ta mayar da yaro gida. Ta ɗauke shi ne daga hannun malam ta sa shi a hannun gwamnati.

Hanyar hanawa kuwa takan taso ne duk lokacin da aka shiga tsoro. Bayan rikicin Maitatsine na Disamba 1980 aka fara kallon gardawa da idon zargi, hukumomin Kano suka shiga neman yi wa makarantun allo rajista da taƙaita yawonsu. A jihar Kaduna, bayan bam ɗin da ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari a watan Yuli na 2015, gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta sanar da hana bara da talla a kan tituna, aka kuma mayar da hanin doka a 2016. A 2018 jihar ta kafa dokarta ta kare haƙƙin yara da jin daɗinsu, wadda ta samo tushe daga dokar tarayya ta 2003. Ita dokar ta tarayya ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, sashe na 30 nata kuma ya haramta amfani da yaro wajen bara.

A ranar 26 ga Satumba 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa. Wannan gida na masu tsare kangararru ne, ba tsangaya ba ce irin wadda aka sani, amma hotunan da suka bazu a duniya ba su bambance ba. Tun daga lokacin, duk wanda ya tashi kare makarantar allo sai ya fara da wanke ta daga laifin gidan mari.

3.4 Kwashe Almajirai a Shekarar 2020

Babu wani mataki da ya taɓa rayuwar almajirai kai tsaye kamar wanda aka ɗauka lokacin annobar korona. A watan Afrilu na 2020 Ƙungiyar Gwamnonin Arewa, a ƙarƙashin shugabancin Gwamna Simon Lalong na Filato, ta amince a kawo ƙarshen almajirci, a kuma mayar da kowane yaro jiharsa ta asali. Dalilin da aka bayar mai ƙarfi ne: an rufe makarantu da kasuwanni, an hana fita, yaron da abincinsa ke ƙofar gidajen mutane ba shi da yadda zai yi, kuma cunkoson zaure wuri ne da cuta za ta yaɗu da sauri. Nan da nan motoci suka fara zirga-zirga tsakanin jihohi. Kano ta tara yara a sansanoni a Ƙiru da Ƙaraye da Gabasawa. Gwamnatin Kaduna, ta hannun Ma'aikatar Kula da Jin Daɗin Jama'a wadda Hajiya Hafsat Baba ke shugabanta a lokacin, ta bayyana cewa ta mayar da yara fiye da 30,000 zuwa jihohinsu.

A watan Mayu Gwamna El-Rufa'i ya sanar da cewa daga cikin yara 169 da aka kawo daga Kano, 65 an same su da cutar. A ƙarshen watan kuma, lokacin da ya ziyarci wasu yaran da aka dawo da su daga jihar Nasarawa aka sauke su a Kwalejin Gwamnati ta Kurmin Mashi, ya yi gargaɗin cewa uban da ya sake tura ɗansa almajirci zai iya fuskantar ɗaurin shekara biyu, malamin da ya karɓa kuma za a ci shi tara a kan kowane yaro. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa Kaduna ta yi abin da wasu jihohi ba su yi ba, domin ta killace yaran da ta karɓa, ta gwada su, ta yi wa masu cutar magani, ta rubuta sunayensu, sannan ta miƙa su ga iyaye ta hannun ƙananan hukumomi da sarakuna, tare da taimakon Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF.

Duk da haka akwai tambayoyin da wannan mataki ya bari a buɗe, kuma a yanki irin na Ikara da Maƙarfi da Kudan ne suka fi fitowa fili.

Ta farko ita ce ma'aunin da aka yi amfani da shi wajen rarraba yaran, watau asalin jiha. Ba a tambayi ko yaro yana cin abinci ba, ko yana da makwanci, ko malaminsa kawunsa ne. An tambayi daga ina ubansa ya fito. A bisa wannan ma'auni, yaron Rogo da ke karatu a wani ƙauyen Maƙarfi, wanda mahaifiyarsa kan aiko masa da ƙuli-ƙuli da gari duk ranar kasuwa, ya cancanci a sa shi a mota. Shi kuwa yaron Ikara da ke bara a Tudun Wadar Zariya ko a Kawo, wanda bai ga gida ba shekara uku, ɗan jiha ne, ba ya cikin lissafin da ake aika wa wata jiha. Ke nan lissafin ya fi nuna yawan nauyin da kowace jiha ta sauke daga kanta fiye da yawan yaran da halinsu ya gyaru. Masana shari'a kuma sun yi nuni da sashe na 41 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a cikin ƙasar, da sashe na 42 wanda ya hana nuna bambanci saboda wurin asali.

Ta biyu ita ce lokacin da aka zaɓa. Adadin nan na 65 cikin 169 ya nuna cewa motocin da suka ɗauki yara sun iya ɗaukar cuta tare da su zuwa ƙauyukan da ba su da asibitin kirki. Ta uku kuwa, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce ba a shawarci malaman da kyau ba. Alaramman da ya shekara talatin yana karantarwa, wanda iyaye suka ba shi amana hannu da hannu, ya wayi gari ana lissafa shi da masu laifi. Wanda aka yi wa haka ba zai kawo sunayen ɗalibansa da kansa ba, sai dai ya sallame su a ɓoye, ko ya koma da su wani ƙauye har ƙura ta lafa. Haka kuwa aka yi, domin bayan an janye dokar kulle ba a daɗe ba aka sake ganin yara da robobinsu a tashoshi da bakin masallatai.

A watan Mayu na 2023, dab da saukarsa, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Hukumar Kula da Ilimin Almajirai da Yaran da Ba Sa Zuwa Makaranta. Kafa hukumar kansa shaida ce cewa tsarin da aka ce an binne a 2020 yana nan da ransa, kuma an koma neman gyara shi maimakon share shi.

3.5 Abin da Ya Faru a Wasu Ƙasashe

A Ostireliya da Kanada da Amurka akwai al'ummomin asali, watau waɗanda Turawa suka tarar a ƙasashen, kuma 'ya'yansu sun fi na kowa yawa a gidajen reno da hannun masu riƙo na hukuma. A nan ya wajaba a yi hattara da kwatance. A can hukuma ce ta raba yara da iyayensu da ƙarfi, da nufin raba su da harshensu da al'adarsu. A ƙasar Hausa kuwa uba ne ya ɗauki ɗansa ya kai, don neman abin da yake ganin alheri ne a duniya da lahira. Inda suka haɗu shi ne a wajen gyara, domin su ma gwamnatocin can sun sa wa kansu burin rage adadi.

Amurka ta yi doka a 1978 wadda ta ce idan ya zama dole a ɗauke yaron Indiyawan asali daga iyayensa, to danginsa za a fara nema, sannan mutanen ƙabilarsa, kafin a kai ga bare, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da dokar a 2023. A Kanada, Hukumar Gaskiya da Sulhu ta fitar da shawarwari 94 a 2015, ta farkonsu kuwa ita ce a rage yawan yaran asali da ke hannun hukuma. An yi dokar da ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu 2020 wadda ta ba al'ummomin ikon tsara kula da 'ya'yansu da kansu. Amma ƙidayar 2021 ta nuna cewa yaran asali, waɗanda ba su kai kashi 8 cikin ɗari na yaran ƙasar 'yan ƙasa da shekara 15 ba, su ne fiye da rabin yaran da ke hannun masu riƙo.

Misalin Ostireliya ya fi kowanne jan hankali. An fitar da rahoto a kan yaran da aka ƙwace a 1997, Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa a ranar 13 ga Fabrairu 2008, sannan a watan Yuli na 2020 aka ƙulla yarjejeniyar da ta yi alkawarin rage rinjayen yaran asali a gidajen riƙo da kashi 45 cikin ɗari kafin 2031. Rahotannin hukumar da ke bin diddigin yarjejeniyar na 2023 da 2024 sun nuna cewa abin ƙaruwa ya yi maimakon raguwa. Wannan ƙasa ce mai arziki da ma'aikata da cikakkiyar ƙididdiga. Masu sukar shirin, musamman ƙungiyoyin al'ummomin asalin, sun daɗe suna cewa mafi yawan kuɗin yana tafiya ne wajen riƙe yaro bayan an ɗauke shi, kaɗan ne ake kashewa wajen tallafa wa gidan tun kafin ya rushe.

Kusa da gida kuma, Shugaba Macky Sall na Senegal ya ba da umarnin kwashe almajirai daga titunan Dakar a tsakiyar 2016. An kwashe fiye da dubu, amma daga baya aka mayar da mafi yawansu hannun malaman da aka karɓe su daga gare su.

3.6 Bayan Yaro Ya Dawo Gida

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara tara da aka sauke a sakatariyar Hunƙuyi, dagaci ya karɓe shi ya miƙa wa ubansa. A takarda aiki ya ƙare, an rage mutum ɗaya. A gida kuwa yanzu aka fara. Idan mutuwar aure ce ta fitar da shi, to uwarsa tana wani gida, shi kuma zai zauna a hannun kishiyar uwa, abin da tun farko aka guje wa. Idan rumbu ne ba ya kai su damina, to an ƙara baki ɗaya a daidai watannin da hatsi ya yi ƙasa. Idan kuwa karatun ne uban yake so da gaske, to sai an duba ko akwai malami a ƙauyen da zai kai yaron inda ake so ya kai.

Sai kuma makarantar da aka ce ya shiga. Gwamnatin jihar da kanta ta bayyana halin da firamare ke ciki a 2017, lokacin da ta yi wa malamai kimanin 33,000 jarrabawa ta ce 21,780 ba su ci ba, ta sallame su ta ɗauki sababbi. Shirin ciyar da 'yan firamare da aka fara a Janairu 2016 ya cika azuzuwa maƙil, wanda ya nuna cewa abinci yana jawo yara fiye da yadda tara take koro su, sai dai an sha ganin yara suna watsewa da zarar an gama rabon abincin. Manomin da ya ga ɗan maƙwabcinsa ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa ba, da wuya a gamsar da shi cewa ya yi asara don ya zaɓi allo. Yaron da ya dawo kuma ya girmi 'yan aji ɗaya, ga shi bai san baƙaƙen boko ba, ko da yake yana iya karanta rubutun ajami ya kuma haddace izu da dama. Idan aka zaunar da shi tare da 'yan shekara shida, kunya kaɗai ta isa ta mayar da shi tasha.

Bisa ga wannan, abin da ya fi dacewa da yanki irin wannan shi ne a rage nisa da ƙanƙantar shekaru kafin a yi maganar rage adadi. Kolon da ke karatu a garinsu, yana kwana a ɗakin uwarsa ko kakarsa, ya fita daga bara ko da bai bar allo ba. Makarantar allo ta asuba da ta dare ba ta cin karo da firamare, kuma hutun da aka saba yi daga yammacin Laraba zuwa Juma'a yana ba da sarari a koyar da lissafi da karatun boko ga waɗanda ke tsangaya. An gwada irin wannan a ƙarƙashin shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinsa daga 2008 a jihohi shida har da Kaduna da Kano da Jigawa, inda aka riƙa tara yaran tsangayu maƙwabta a wuri ɗaya na 'yan sa'o'i, da yardar malamansu, wani ɗan garin yana koyar da su. Inda kuwa gidan uba ba zai zaunu ba, al'adar riƙo da aka bayyana a sashe na 3.1 ta riga ta tanadi jerin waɗanda za a nema: kaka, gwaggo, kawu, inna. Wannan shi ne tsarin da Amurka ta rubuta a dokarta ta 1978, Bahaushe kuwa yana da shi ba a rubuce ba, abin da ya rage shi ne mai riƙon ya sami ɗan tallafin da zai hana shi ma ya tura yaron gaba.

Mutum biyu ne a kowane ƙauye suka san sunan yaro da sunan ubansa da dalilin fitarsa, su ne mai unguwa da malamin da ya karɓe shi. A jigilar 2020 an nemi na farko a ranar miƙa yara kawai, na biyu kuma an yi masa barazanar tara. Babi na huɗu zai duba matsayin waɗannan mutane biyu a gundumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, da kuma yadda kuɗin Laraba da gonar malam suke riƙe da makarantar allo ta ƙauye.